Salak ɗin Kokwamba da Kindirmo

Yau shirin namu kasuwar Kafanchan ya nufa, layin masu kayan gwari, inda ake jibge kokwamba da tumatir, wasu daga lambunan fadama na kusa, wasu kuma an gangaro da su daga Jos ta hanyar Manchok da Kagoro.

A nan Kudancin Kaduna, da an ce salak sai hankali ya tafi kan babban faranti na Kirsimeti ko na Sallah, da kabeji da karas da dafaffen ƙwai da waken gwangwani, an malale shi da kirim na kwalba. Jamusawa kuwa suna da nasu ɗan ƙarami, Gurkensalat, da suke ci da nama ko dankalin Turawa. Kokwamba ce da kirim mai tsami, ɗan gishiri, ɗan sukari, da wani ganye mai ƙamshi da suke kira dill, wasu gidajen kuma kan ƙara tumatir. A ganina, kindirmon da matan Fulani ke shigowa da shi gari a ƙwarya ya isa ya maye gurbin kirim ɗin nan, ga araha. Sai dai a nemi mai kauri, kada a yarda da tsala.

To uwargida, ga inda aikin yake. Kusan kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne. Ki wanke ta sosai, ki yanka ta siriri har ki riƙa hango bakin wuƙa ta cikinta, ki barbaɗa gishiri, ki zuba a kwando, ki ɗora shi a kan kwano. Bayan minti 20 za ki ga ruwa ya taru a kwanon da ke ƙasa. Ki matse ta a tafin hannu. Wadda ta tsallake wannan, kindirmonta zai tsinke ya koma tsululu tun kafin maigida ya zauna.

Ki kaɗa kindirmo cokali huɗu da ɗan lemun tsami, sukari rabin ƙaramin cokali, da masoro, sannan ki zuba kokwambar a ciki. Dill ba kayan kasuwarmu ba ne, lawashin albasa ya wadatar. Tumatir kuma ki zaɓi mai tauri irin UTC, ki cire 'ya'yan, ki sa shi daga ƙarshe, ki juya a hankali.

Abin nono ba ya son zafi. In babu firji, ki haɗa shi daf da lokacin cin abinci, kada ya wuce awa biyu a ajiye. Ki gwada shi da dafa-duka ko gasasshen nama a ƙarshen makon nan.