Sauke Lanho ko Biyan Ladan Aiki: Wanne Ke Tsai da Samari a Sanam?

Da an gama kaka a Sanam, an zuba hatsi a rumbu, sai samari su fara ɗaure kaya. Wasu su nufi Yamai. Wasu su wuce Kwatano, ko Abijan, ko Akara. A bar tsofaffi da mata da yara a gari, sai ruwan farko ya faɗi. Tafiya bida tsohuwar al'ada ce a ƙasar Kurfai. Rani yana da tsawo, kuma babu aikin da ke kawo kuɗi a gida.

Gwamnatoci suna da dabara biyu ta samar wa mutane aiki. Ta farko ita ce a rage haraji, don kuɗi su tsaya hannun mai su, ya faɗaɗa sana'arsa, ya ɗauki ma'aikata. Ta biyu ita ce gwamnati ta sa hannu cikin baitulmali ta biya ladan ma'aikaci, ko duka ko wani kashi. A manyan birane, kamfanoni ake yi wa wannan. Sanam ba ta da kamfani. Mai ɗaukar aiki a can shi ne mai gona da ke neman 'yan barema, da mai garke da ke neman makiyayi. Amma mutanen karkarar Nijar sun ɗanɗana dabarun nan duka biyu.

Tsofaffi ba su manta da lanho ba. Tun zamanin Nasara, kowane mai gida yana biya wa kansa da manyan iyalinsa. Makiyayi kuma yana biyan jangali bisa kan dabbobinsa. Ana neman kuɗin bayan kaka, lokacin da hatsi ba ya da daraja a kasuwa. Mutum ya sayar da damma da araha, ya dawo ya sayi hatsi da tsada a tsakiyar damina. Samari da yawa sun fara zuwa Gana ne don neman kuɗin lanho.

Sai aka yi babban fari na 1973, dabbobi suka mutu ba iyaka. Ran 15 ga Afrilu 1974, Saini Kunce, ɗan Fandu a ƙasar Filinge, ya karɓi mulki. Kafin shekara ta 1980 gwamnatinsa ta sauke jangali da lanhon kai da ake biyan gwamnati. Kuɗin uraniyom na Arlit ne suka cike gurbin. Abin da ya rage shi ne ɗan harajin gunduma, wanda ya koma na komin daga baya.

Talaka ya sha iska, wannan ba gardama. Rumbu ya ƙara daɗewa bai ƙare ba. Sai dai motocin 'yan bida ba su daina cika ba. Ga dalili. A ce mutum yana da shanu 40, maƙwabcinsa kuma yana da awaki 2. In an sauke jangali, mai shanu ne ya tsira da kuɗi masu yawa. Mai awaki abin da ya rage masa bai kai ya buɗe sana'a ba. Shi kuma mai shanun, ba dole ne ya ɗauki sabon makiyayi ba. Yana iya ƙara saniya, ɗansa ya ci gaba da kiwo. Wanda kuwa fari ya share wa garke, ba a sauke masa kome ba, don ba ya da abin biya.

Dabara ta biyu ta yi suna bayan farin 1984. A shekarar nan aka buɗe furojen Keita cikin jahar Tawa, da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO. Mutane suka jera duwatsu bisa tuddai, suka tare ƙoramu, suka dasa miliyoyin itatuwa. Ladansu abinci ne daga hukumar PAM. Galibin ma'aikatan mata ne, don maza suna wajen bida.

Daga baya aka koma biya da kuɗi. A 2011 gwamnati da Bankin Duniya suka fara wani shiri na tallafa wa marasa ƙarfi, har da jahar Tilaberi. A farkon shirin, mai aiki yana samun jika guda a yini, kamar kwana 60 cikin rani. Aikin da aka fi yi shi ne raya fako. Ana gina rami mai siffar rabin wata, bakinsa yana duban inda ruwa ke gangarowa. Eka guda tana ɗaukar ramu sama da 300. Ruwan da ke gudu a da, sai ya tsaya ya nutse. A watsa irin ciyawa, a dasa itace a ciki.

Wannan kuɗi yana isa hannun wanda ba ya da ko akuya. Yana zuwa a lokacin da rumbu ya fara sauka. Matar da ta karɓa takan kashe shi a kasuwar garinsu, mai hatsi da mai gishiri su ma su samu.

Amma shi ma yana da aibi. Kwana 60 ba rani ba ne. Jika 60 ba ta kai abin da saurayi ke sa ran kawowa daga Abijan ba. In sunaye sun fi guraben aiki yawa, sai rigima ta tashi a ƙofar mai gari. Ranar da kuɗin furoje suka ƙare, aiki ya tsaya cak.

Akwai kuma nauyin da ya fi ƙarfin dabarun biyu. A Disamba 2019 an kashe jami'an tsaro 14 kusa da Sanam. A arewacin Tilaberi, 'yan bindiga sun riƙa karɓar dabbobi da kuɗi hannun makiyaya da sunan zakka. Jangalin da gwamnati ta sauke ya dawo ta bakin bindiga, kuma mai jin tsoron daji ba ya fita gina rami nesa da gari.

Inda aka samu yin aikin, abin da ke saura bayan lada shi ne ƙasar da aka raya. Ita ma sai an kula. In dabbobi suka shiga tun shekarar farko, sukan cinye ƙananan itatuwa, su tattake bakin ramu. Shi ya sa ya kamata, kafin a kafa diga, mai gari da manoma da makiyaya su zauna su yanke wa zai yi tsaro, da shekarar da za a buɗe wa garke hanya, da wanda zai yanki ciyawar.