Digiri na Biyu Domin Ajin 'Yan Shekara Uku

Jama'a da yawa sukan yi mamaki idan aka ce musu wani ya kammala digirinsa na farko, ya sake komawa jami'a neman na biyu, alhali iyakar maƙasudinsa shi ne sanin yadda ake karantar da yaron da bai daɗe da sauka daga goyo ba. Domin a ganinsu ajin ƙananan yara wurin waƙa ne da tafi, wanda duk mai haƙuri zai iya riƙewa. Wannan zato ne ya sa makarantu sukan tura malamin da ya fi kowa ƙarancin horo zuwa ajin da ya fi kowane wuyar sha'ani.

Magabata kuwa ba su raina al'amarin ba. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban masu karantar da yara, Ibn Khaldun kuma ya keɓe fasali a cikin Muƙaddima inda ya bayyana cewa tsananta wa almajiri yakan koya masa ƙarya da kasala. Abin da jami'a ta ƙara a kan hikimarsu shi ne awo. Ɗalibin fannin tarbiyyar ƙananan yara yakan zauna a aji yana lura, yana rubuta yadda yaro ke sarrafa harshe da yadda yake wasa, sa'an nan ya auna ko dabarar malami ta yi tasiri ko kuwa zato ne kawai.

Hujja mafi shahara da irin wannan awo ya samar ta fito ne daga garin Ypsilanti na Amurka, inda daga 1962 aka raba yara 123 'ya'yan talakawa gida biyu, aka ba kashi ɗaya malamai masu digiri waɗanda, ban da darasin safe, suke ziyartar iyaye a gida kowane mako. Da aka bi sawunsu har suka kai shekara 40, sai aka tarar waɗannan sun fi samun abin masarufi, kuma ba su faye shiga hannun hukuma ba kamar takwarorinsu.

A Nijeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da tarbiyyar ƙananan yara cikin ilimin tushe, amma doka ba ta shiga aji da ƙafarta. Malamar da za ta tsaya gaban yaran daga kwalejin horar da malamai take fitowa, kwalejin kuwa ba ta da inda za ta samo masu horar da malamar sai daga cikin waɗannan da suka koma jami'a.