Kada A Yar Da Tsohuwar Tukunya

'Yan'uwa manoma, a rangadin da muka yi na ƙungiyoyinmu da damina, mun tarar mangwaro da gwaba da lemo masu yawa da ake reno cikin tsofaffin tukwane sun mutu kafin lokacin dashe. Da ganye ya yi rawaya, sai masu su su ɗauka ƙishi ne, su ƙara ruwa. Amma da muka juye tukunya ɗaya, sai ga ƙasar tana wari, saiwa ta yi baƙi ta ruɓe. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In ruwa ya kwanta a tukunya, ya kori iska ke nan. Wahalar wata shida ta tafi a banza.

Laifin ba na tukunyar ba ne, ruwa ne ya rasa mafita. Ga yadda za a gyara ta.

Da farko a juye tsohuwar ƙasar, gama cuta takan ɓuya a ciki. A kankare farin gishirin da ya daskare a jikin tukunyar, a wanke ta da ruwan zafi. Sa'an nan a jiƙa ta kwana ɗaya don kada ta tsage wajen huji. A kife ta kan yashi, a sa ƙusa a huda gindinta a hankali wuri 3 ko 4, kowane huji kamar kaurin ɗan yatsa. In da huji a dā ya toshe, a buɗe shi.

Dā mukan ce a zuba tsakuwa a gindi. Yanzu an gane wannan ba ya taimako, sai ma ya sa ruwan ya tsaya a bisa, kusa da saiwa. Tsingaro ɗaya a kife kan kowane huji ya isa.

A haɗa ƙasar gona kwano 2, yashi kwano 1, ruɓaɓɓen taki kwano 1. Ban da laka. A ɗora tukunyar kan duwatsu 3 kamar murhu, a zuba ruwa a gwada. In ya ɗigo ta ƙasa ba da jimawa ba, aiki ya yi kyau.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa a tattara tukwanen da ke bayan ɗaki tun da rani. A can sauro suke tara mana, a nan kuwa itatuwa za su ba mu, ba tare da an kashe ko kwabo ba.