Macijin rairayi: ba kowane maciji ke da dafi ba

 Yau hirarmu a kan wani maciji take, wanda yake zaune a ƙasarmu cikin rairayi. Da yawa daga cikinku kun taɓa tono shi da hauya lokacin noma. Wasu kuma sun kashe shi nan take, suna tsammanin kububuwa ce. To, wannan maciji ba shi da dafi ko kaɗan. Masana suna kiransa Eryx muelleri. Mu a nan za mu ce masa macijin rairayi.

Yaya kamarsa take?

Gajere ne, mai kauri. Yawanci tsawonsa santimeta 40 zuwa 60 ne, wato kamu guda ko ya ɗara kaɗan. Mace ta fi namiji girma. Bayansa ruwan ƙwai ne da manyan ɗigo-ɗigo baƙi-baƙi, cikinsa kuwa fari ne. Jikinsa sumul yake, yana sheƙi. Kansa ƙarami ne, bai fi wuyansa faɗi ba. Idanunsa ƙanana ne. Wutsiyarsa gajera ce, ƙarshenta da ɗan tsini. Wannan tsini ba ƙari ba ne kamar na kunama, ba ya harbi da shi.

Ina yake zaune?

Ana samunsa tun daga Muritaniya da Senegal, ta Mali da Nijar da Cadi, har Sudan. Yana son ƙasa mai laushi wadda zai iya kutsawa ciki, irin jigawar da muke shuka hatsi a Damargu da Dakwaro da Gure. Da rana ba a ganinsa. Yana kwance ƙarƙashin rairayi ko cikin ramin kusu, inda zafi bai kai ba. Sai dare ya yi sannan ya fito. An fi haɗuwa da shi da damana.

Yaya yake samun abinci?

Shi ba ya bin nama da gudu. Kwanto yake yi. Yakan binne jikinsa duka, ya bar idanu da hanci kaɗai a waje. Ya yi shiru, ba motsi. In kusu ko ɗan ƙadangare ya zo wucewa, sai ya yi wuf ya cafke shi da baki. Daga nan ya nannaɗe shi, ya matse har ya mutu, ya haɗiye shi ɗungum. Haka mesa take yi, ita ma ba ta da dafi. Yawancin danginsa haihuwa suke yi, amma ita macen wannan maciji ƙwai take sakawa.

To, ina amfaninsa gare ka? Ka tuna da rumbunka. Wane ne yake huda shi, yana cin hatsin da ka sha wahalar nomawa? Kusu ne. Wane ne yake tone irin da ka shuka? Kusu ne. Macijin rairayi yana shiga ramin kusu, yana cinye har ƴaƴan da ke ciki. Duk wanda ya kashe shi ya rage wa gonarsa mai gadi.

Kada ka ɗauki kububuwa a kan shi ne

Nan sai a yi hattara ƙwarai. Kububuwa ita ma gajera ce, mai ɗigo-ɗigo, da dare take fita. Amma ita tana kisa. Ga yadda za ka bambanta su:

1. Kan kububuwa ya fi wuyanta faɗi. Kan macijin rairayi da wuyansa kusan ɗaya suke.
2. Jikin kububuwa yana da kaushi. Nasa sumul yake.
3. In kububuwa ta fusata takan naɗe, tana goga jikinta, ka ji ƙara kamar an zuba ruwa a tukunya mai zafi. Shi kuwa nutsewa yake yi cikin rairayi.

Ko da ka san waɗannan alamu, kada ka kama maciji da hannu. Cikin duhu ido yana ruɗuwa. In ka gan shi, ja da baya, ka ba shi hanya. In za ka fita da dare, sa takalmi, ka riƙe fitila. Ka hana yara sa hannu cikin rami.

In maciji ya sari mutum, kada a tsaya gardamar ko wane iri ne. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa gidan likita ba da jinkiri ba. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya ganin kamar lafiyarsa lau kafin jini ya fara zuba.

Ku tattauna wannan magana a ajinku na yaƙi da jahilci. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Sai wani mako, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.