Idan Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai Ya Yi Gardama

Ƙwan kaza yana bukatar zafin digiri 37.5 na Salshiyos har kwana 21. Zafin da ya haura digiri 40 yana iya kashe ɗan tayin, amma sanyin ɗan lokaci bai kai shi illa ba. Saboda haka idan injin mai kiwo a Bakori ya rikice, sai ya fara cire fulogi, ya duba fis da wayoyin da suka saki. Sannan ya duba fanka, domin ƙurar hunturu takan tsayar da ita, zafi ya taru wuri guda. Daga ƙarshe ya kunna injin, ya ajiye wani ma'aunin zafi kusa da ƙwan. Idan ya saɓa da na injin, to na'urar daidaita zafi ce abar zargi.