Wa Ke Cin Kasuwa da Adireshin Wayarka?

A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, nan da nan matasa suka rungumi VPN don zagaye takunkumin. A watan Satumba na shekarar kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Mutanen Ruwan Godiya da ke Faskari da maƙwabtansu suka zauna babu sabis na tsawon watanni, kuma babu VPN ɗin da ya yi musu rana, domin aikinsa karkatar da hanyar da ke akwai ne kawai. Sabis ya dawo, an buɗe Twitter a Janairun 2022, amma ɗabi'ar sauke manhajojin kyauta ta zauna daram. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wasunsu hayar layinka suke bayarwa ga baƙin da ba ka sani ba.

Duk wayar da ta hau intanet tana fita da wata lamba da ake kira IP, wadda ke nuna ƙasar da mutum yake da kamfanin da ya ba shi layi. Furoksi wata na'ura ce da ke shiga tsakani: ta karɓi saƙonka ta miƙa, sai shafin da ka nufa ya ga lambarta maimakon taka. Idan na'urar tana cikin babbar cibiyar ajiyar bayanai, shafuka kan gane ta cikin sauƙi su toshe. Shi ya sa aka ɓullo da furoksin gida, wanda ke bi da saƙon ta kwamfuta ko wayar wani mutum na gaske. Lambar layin wayar hannu ta fi daraja a wannan kasuwa, saboda kamfanonin waya kan haɗa mutane da yawa a kan lamba guda, don haka shafuka ke shakkar toshe ta.

Wanda ya san kasuwar shanu irin ta Sheme ya san fatoma: baƙo ya sauka a gidansa, ya yi ciniki da sunansa da amincinsa, idan rigima ta taso kuwa shi ake nema. Haka furoksin gida yake, sai dai sau da yawa mai gidan bai ma san ya yi baƙo ba.

Wani abin da ake haɗawa da furoksi shi ne raba furofayil a burauza. Chrome da Firefox suna ba mutum damar buɗe furofayil fiye da ɗaya, kowanne da nasa kalmomin sirri da tarihin shafukan da aka shiga. Wannan abu ne mai amfani ga ɗan kasuwar da ke son raba harkar shago da ta gida, da kuma mai shagon kwamfuta da ɗalibai ke cike takardu a wurinsa. Amma furofayil ba ya sauya IP, ba ya kuma ɓoye kamannin na'ura. Tun a 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka ta gwada burauza kusan 470,000, ta gano kashi 83 cikin ɗari ana iya bambance su da saura ta hanyar girman allo, agogon yanki, nau'in haruffa da makamantansu. Saboda haka masu son mutum ɗaya ya bayyana kamar mutum ashirin suke haɗa burauza mai sauya kamanni da furoksi, kowane furofayil da lambarsa.

Akwai masu halastacciyar buƙata, kamar kamfanonin da ke duba yadda tallarsu ko farashinsu ke bayyana a wasu ƙasashe. A Arewa kuwa sha'awar tara asusu ta ƙaru a 2024, lokacin da wasannin neman kuɗi na Notcoin da Hamster Kombat suka sa matasa dangwalar waya dare da rana. Yawancin irin waɗannan shafuka sun hana mutum ɗaya riƙe asusu barkatai, kuma idan suka ga alamar da ta haɗa su, tare suke rufe su. Wanda ya kai ga yin sojan gona don cin kuɗin wani kuwa, ya faɗa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024.

To daga ina miliyoyin lambobin gidaje suke fitowa? A 2015 aka bankaɗo cewa Hola, VPN na kyauta, yana sayar da layin masu amfani da shi ta wani reshe mai suna Luminati. A Maris 2024 masu binciken tsaro suka bayyana manhajojin Android 28 a Google Play da ke mayar da waya furoksi a ɓoye, 17 daga ciki da sunan VPN na kyauta. A Mayun 2024 kuma Amurka ta sanar da tarwatsa cibiyar furoksi ta 911 S5, tare da kama YunHe Wang, wanda ake zargi da tafiyar da ita, a Singafo. Hukumomi sun ce cibiyar ta mamaye lambobi fiye da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200 ta hanyar manhajoji irin su MaskVPN da DewVPN, aka yi amfani da su wajen damfarar biliyoyin daloli.

Ga mutumin Ruwan Godiya da aka mayar da wayarsa furoksi, asarar farko data ce, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin waya na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Sai caji da ke zuƙewa, a garin da ake biyan kuɗi kafin a cika batir. Mafi muni ita ce asarar suna. Layukan waya yanzu a haɗe suke da lambar NIN, kuma idan aka bi sawun wata damfara, bincike na iya biyowa ta kan layin da ta fita. A yankin da zargi kaɗai kan jefa mutum cikin masifa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Kariyar ba ta gagari kowa ba. Ka shiga saitin wayarka ka ga wace manhaja ke shan data alhali ba ka buɗe ta ba, ka goge duk VPN ɗin da ba ka san mai shi ba. Ka guji manhajar da aka turo ta Xender ko WhatsApp, da wadda ke alkawarin biyanka don ka raba layinka, domin ba ka da iko a kan abin da zai bi ta kansa. Masu shagunan caji da gyaran waya, waɗanda ke saka wa dattawa da mata manhajoji, su ne a gaba wajen wannan amana: duk abin da suka ɗora a wayar mutum, da sunan mai wayar zai yi aiki.