Kwaɗon Goliyat Na Neman Ƙarewa a Kurmin Kamaru

Duk duniya babu kwaɗon da ya kai kwaɗon Goliyat girma. Tsawon jikinsa kan kai santimita 32, ban da ƙafafu, nauyinsa kuma ya haura kilo 3, kusan nauyin jariri sabon haihuwa. Wani masani a Landan mai suna George Boulenger ne ya fara bayyana shi a ilmance a shekarar 1906.

Duk da girman nan, mazauninsa ɗan tsiri ne: kurmin kudu maso yammacin Kamaru, daga wajejen Nkongsamba, zuwa yankin Monte Alen a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Ko a can ma ba kowane ruwa yake shiga ba. Ba ruwansa da kududdufi ko tafki. Sai kogi mai gudu da ƙarfi, mai tsabta, inda ruwa ke faɗowa kan duwatsu. 'Ya'yansa, kafin su yi ƙafafu, suna dogara ne da wani tsiro da ke fitowa a jikin duwatsun nan. Da zarar an sare kurmin bakin kogi don katako ko gonar ayaba da kwakwar manja, laka ta gangaro ta rufe duwatsun, to zuriyar wannan wuri ta shiga uku.

Wani abin mamaki, wannan kwaɗo magini ne. A 2019 masu bincike suka ba da rahoton cewa a kogin Mpoula yana ture duwatsu masu nauyin kusan kilo 2, ya share wuri a gefen ruwa domin ƙwai, babba guda kuma ya kwana yana gadi. Ga shi ba shi da jakar maƙogwaron da yawancin kwaɗi ke cika dare da kuka da ita.

Babbar masifarsa dai farauta ce. Da dare ake binsa da tocila da raga, a sayar da naman a bakin hanya, kuma manyan da ke hayayyafa su ake fara kwashewa. A da har Amurka ake kai shi, alhali da wuya ya hayayyafa a killace.

Ƙungiyar IUCN mai kula da halittu ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗarin ƙarewa, dokar Kamaru kuma ta hana kama shi. Amma doka ba ta tsare kogi da kanta. Muddin mafarauci ba shi da wata hanyar samun na cefane, raga za ta ci gaba da shiga ruwa. Matafiyin da ya bi hanyar Duwala zuwa Nkongsamba, aka miƙo masa wannan kwaɗo, don Allah kada ya saya.